Zoben Mai Katifa

A bakin sito aka ƙulla cinikin, tsakanin Mai Katifa da Malamar laburare.

Ta shigo shagon ne kamar mai sayayya. Ta danna wannan katifa, ta shafa waccan, sannan ta leƙa ɗakin baya inda ake jibge kaya, ta tafa hannu ta kasa kunne. Mai Katifa, wanda duk layin ke kira Gangariya saboda bai taɓa sayar da katifar da bai kira ta gangariya ba, yana binta da wutsiyar ido. Ya ga masu saye iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin mai yi wa soso tafi ba.

"Baba, ɗakin nan nake so," ta ce.

"Ba na haya ba ne."

"Aro nake nema."

"To wannan ai ya fi muni."

Ta yi dariya, ta zauna a kan wata katifa mai leda ba tare da an ce ta zauna ba, ta shiga bayani. Su 'yan sa-kai ne. Suna ɗauko tsofaffin rubutattun waƙoƙi, waɗanda masu su suka mutu da daɗewa har doka ta ce yanzu na kowa ne, sai su karanta da baki, su naɗa, su ɗora a wani rumbu a intanet domin makafi da tsofaffi da direbobi da duk wanda karatu ke ba wuya. Ɗaki ne matsalarsu. A laburare bango na mayar da murya, fanka na kuka, ga masu jan kujera. Amma sito cike da soso, in murya ta fita ba ta dawowa.

"Nawa ake biyan ku?"

"Ko sisi."

"To shi wanda ba ya biyan ku, wa ke biyan sa?"

"Babu kowa, Baba."

Gangariya ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji ƙarya mai kyau yana yaba mata. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi yaron mota, ya yi shekaru yana kiran gwanjo kafin ya zauna a kan katifa, kuma a duk yawon nan bai taɓa ganin kyautar da ba ta da ƙofar baya ba. Da a wata shekarar ce, da tuni ya raka ta bakin titi.

Amma akwai abin da Malama ba ta sani ba, wanda ban da matarsa babu wanda ya sani. Likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ga wani tsiro, ya sa ranar da za a yi masa aiki a wata mai kamawa, kuma ya faɗa masa gaskiya: rai dai in Allah ya so za a tsira da shi, amma murya ba ya alkawari. Muryar Gangariya kuwa ita ce dukiyarsa ta fari. In ya kira mai kura daga bakin shago, har na layin baya sai ya waiwayo. Ga Auta, 'yarsa, da tsohon ciki. Abin da ke hana shi sukuni ke nan: jikan zai tashi ya tarar da wani tsoho mai raɗa, a riƙa ba shi labarin wai da can kakansa na da murya.

Ya san ana naɗar murya a waya. Amma waya tasa ɗaya ta faɗa masai, ɗaya an zare ta a bas, ɗaya kuma surukinsa ya ce zai gyara ya share komai har da lambobin kwastomomi.

"Wannan rumbun naku," ya ce yana kallon titi kamar ba abin da ya dame shi, "ba ya ƙonewa? Ba a sace shi?"

"A wurare da yawa ake ajiye shi. Ko mu mun mutu yana nan."

Ya juya zoben azurfar da ke yatsansa.

"Na ba ki ɗaki. Sharaɗi biyu. Mabuɗi yana hannuna. Kuma ni ma zan yi karatu."

Malama ta dube shi, ta ce ai tun da ya yi mata sallama take kwaɗayin muryar, kunya ce ta hana ta roƙa. Wannan ma ya ajiye shi a ransa. Mai saye in ya fara yabon kaya tun ba a yi ciniki ba, to ya riga ya san inda zai kai su.

Maƙwabcinsa mai walda ne, don haka ba a iya aiki sai an ɗauke wuta. Da injin walda ya yi shiru, sai Gangariya ya buga wa Malama waya, ta taho da kwamfuta da makirfo a jaka, wani lokacin da wata ma'aikaciyar jinya mai sanyin murya, wani lokacin da wani tsohon ma'aikacin gidan waya. Suka tayar da katifu huɗu a tsaye suka yi ɗan akurki, suka rufa wata a sama, suka sa kujerar ƙarfe da fitilar caji a ciki. Mai karatu na ciki shi kaɗai yana gumi, Malama na waje da abin ji a kunne. Duk unguwa na tsine wa masu wuta, su suna murna.

An zaɓar wa Gangariya waƙar wani mai fito da ya tsufa a bakin kogi, yana ƙetarar da mutane shi bai taɓa kwana a ɗaya gaɓar ba. Karatun Gangariya na bin layi da yatsa ne, don haka ya kai takardar gida. Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ta riƙa karanta masa baiti-baiti tana tsinke zare, shi yana haddacewa. Mutumin da ke riƙe da farashin kowane inci na soso a ka, waƙa ba za ta gagare shi ba.

Ranar da zai fara shiga akurkin ne Malama ta ce akwai abin da kowa ke faɗa kafin ya soma: wannan karatu na kowa ne, babu mai shi.

"Ban gane babu mai shi ba. Ni fa?"

"Kai ka karanta, za a rubuta sunanka. Amma da zarar an ɗora, kowa na iya ɗauka."

"Ya saurara."

"Ya saurara, ya raba, ya yi abin da ya ga dama."

"Har ya sayar?"

"Doka ba ta hana shi ba."

To ga ƙofar bayan. Gangariya ya ji har wani sanyi a ransa, irin na wanda ya daɗe yana laluben ɓarakar buhu ya same ta. Bai nuna komai a fuska ba. Sai ya ce ta nuna masa yadda take gyara karatu in mutum ya yi tari. Ta nuna masa a kwamfuta: ga murya kamar tsaunuka, ga tari a tsakanin layi biyu, ta ja ta yanke, ya ɓace.

"In kuma tarin ya hau kan kalma fa?"

"Wannan ba ya yankuwa. Sai dai a sake."

"Madalla," in ji Gangariya.

Akwai wani sirrin sana'arsa. Duk katifar da ta fita daga shagonsa, Maman Auta na soka mata jan zare a cikin ɗinkin kusurwa, inda ido ba ya kaiwa. Ba sau ɗaya ba wani ya sayi sabuwa, ya dawo da tsohuwar gidansa a cikin sabon yadi yana rantsuwa wai ta lotse. Sai Gangariya ya sa reza ya buɗe kusurwa a gaban jama'a, in babu ja, ya nuna masa hanya. Mutumin da ba ya barin soso ya fita ba alama, shi ne zai bar muryarsa ta fita tsirara?

Ya shiga akurki, ya gyara zama, ya buɗe baki. Malama ta faɗa daga baya cewa sai da ta rage ƙarar abin kunnenta. Muryar ta cika soson nan, mai kauri, mai gishiri, kai ka ce mai fiton ne da kansa ya taso. Da ya zo tsakiyar baiti na biyu, daidai kan kalmar kogi, sai ya sauke hannu ya buga zobensa a ƙafar kujera. Ƙwas. Can gaba ya ƙara. Kusa da ƙarshe ya ƙara.

Malama ta ji, ta ɗauka kwanon rufi ne ke miƙewa saboda rana. Ta ce bari a aika a gani ko zai wuce.

"A aika wa wa?"

Nan ya fara jin labarin Mai Kunne. Ashe ba a ɗora karatu sai wani ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe, yana bin rubutun, ya tabbatar ba a tsallake layi ba, ba kuma wata ƙara. Nasu mai sauraren yana wata ƙasa. Malama ba ta taɓa ganinsa ba, ko hotonsa. Ba ta ma da tabbacin namiji ne ko mace. Saƙo kawai suke yi a rubuce. Su suka sa masa Mai Kunne.

"Shi ma kyauta yake yi?"

"Kyauta."

"Mutum ya zauna a wata ƙasa, ba fuska, ba suna, yana tara muryoyin mutane kyauta." Gangariya ya yi tsaki. "Malama, ke yarinya ce mai kirki. Amma ko an sayar da ke ba za ki sani ba sai mai saye ya zo ɗauka."

Amsar Mai Kunne ta zo bayan kwana biyu. Ya ce bai taɓa jin murya irin wannan ba, amma akwai ƙarar ƙarfe a wuri uku, duk a kan kalma, a sake. Gangariya ya saurara yana murmushi a ciki. Dillali ke nan: ya yaba kaya, sannan ya ce a cire tambari.

Aka sake. Ya buga. Aka sake. Ya buga, ya canja wuri. Malama ta bi sito tana farautar ƙarar. Ta cire agogon bango. Ta fitar da kwalaben da ke bayan ƙofa. Ta sa tsumma a ƙarƙashin ƙafafun kujera. Ta tambaya ko akwai ɓera, Gangariya ya ce ɓeran da zai shiga sitonsa sai ya zo da takardar izini. Ta ce abin mamaki, in ma'aikaciyar jinya na karatu ba a jin komai.

"Ƙila ƙarfen ya fi son muryata," ya ce.

Karatun ma'aikaciyar jinya ya hau rumbu. Na tsohon gidan waya ya hau, duk da yana karatu kamar mai kiran sunayen masu wasiƙa. Na Gangariya na dawowa. Shi kuma lissafinsa shi ne, ranar da mai saye ya matsa wa Mai Kunne, dole ya karɓi kayan da alamarsu, ko ya fito fili a yi maganar kaso. Ya san wannan wasan. Wanda ya fara gajiya shi ke sauka.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne maƙogwaron ba ya jiran ciniki. Da farko da yamma ne kawai muryar ke dushewa. Daga baya ya zama sai ya sha ruwan ɗumi kafin ya shiga akurki. Wata rana ya ɗaga murya zai kira mai kura, sai ta tsage a tsakiya kamar tsohon yadi, mai kura bai ko waiwayo ba. Ya waiga ya ga ko mai walda ya ji. Ya ce wa Malama mura ce.

Da ya ga kwanaki na tafiya, sai ya yanke shawarar ya taɓa mutumin kai tsaye. Ya ce wa Malama ta rubuta wa Mai Kunne saƙo, kalma da kalma yadda zai faɗa.

"Ki ce ina gaisuwa. Ki ce ni ɗan kasuwa ne, shi ma na ga alama ɗan kasuwa ne. Ki ce in akwai mai saye, ba na hana kowa cin abinci, a faɗa min a raba. In ya yarda, gobe ƙarar za ta daina."

Malama ta ɗago kai a hankali. "Baba, ya aka yi ka san za ta daina?"

"Ke dai rubuta."

Ta rubuta, bakinta a tsuke. Washegari ta zo ba a ma ɗauke wuta ba, ta tsaya a bakin shago cikin ƙarar walda ta karanta masa amsar daga waya.

Mai Kunne ya ce yana amsa gaisuwa. Ya ce babu mai saye, da akwai da ya gyara rufin ɗakinsa. Ya ce a gaya wa mai karatu ya cire zoben da ke hannunsa na dama, don makirfo yana jin hannun riga na motsi kafin kowace ƙara. Sannan ya ce yana neman afuwa in ya shiga abin da ba ruwansa, amma ya jera karatun farko da na jiya ya saurara, kuma wannan ba mura ba ce. In mai karatu bai ga likita ba, ya je. In kuma ya riga ya gani, to ya daina ɓata kwanaki, ya ba su guda ɗaya mai tsabta tun ana iya samu.

Gangariya ya ji kamar an yaye masa riga a tsakiyar kasuwa. Ya sa hannun dama a aljihu. Malama ba ta bi ta kan zoben ba. Maƙogwaronsa take kallo, wannan kuwa ya fi zafi.

Ya rufe shago tun rana na tsaka ya nufi gida. A hanya ya gama shari'ar a ransa. Ba yadda za a yi mutum a wata ƙasa ya san zobe, ya san hannu, ya san likita. Wani ne ke kai rahoto, kuma mutum ɗaya ne ya san duka ukun.

Ya tarar da Maman Auta a tsakar gida tana ɗinke bakin filo.

"Nawa suka ba ki?"

"Sannu da zuwa. Su wa?"

"Kar ki mayar da ni yaro. Wa ya gaya wa mutumin nan maganar asibiti? Wa ya gaya masa zobe?"

Ta sa shi ya maimaita labarin tun daga farko, don ba ta san ma da wani Mai Kunne ba. Da ya zo kan ƙwas ɗin, sai ta ajiye allura, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Tsaya. Kana nufin duk haddar nan da na yi ta yi maka har bakina ya bushe, zuwa kake kana yi mata jan zare?"

"Kaya ba ya fita ba alama."

"Oh ni! Maigida, katifa ce? In an sace za ka je ka buɗe kusurwa da reza?"

"Ba ki amsa min ba. Wa ya faɗa masa?"

"Kunnensa ya faɗa masa! Kai kaɗai ne ba ka jin kanka. Mai kayan miya ta tambaye ni me ya sami muryarka. Auta ta yi min waya tana kuka, ta ce Baba ya kira ta ba ta gane shi ba sai da ya yi mata faɗa. Kowa ya ji, kowa ya yi shiru don kar ranka ya ɓaci. Baƙo ne kawai bai san halinka ba ya faɗa."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Kuma in ni ce mai sayar da kai, ai da tun kana da kyan gani na sayar, ba yanzu ba."

Ya zauna a kan turmi. Bai yarda cewa babu mai saye ba. Har gobe bai yarda ba. Abin da ya gane shi ne, ko akwai ko babu, shi ne mai kayan da ke ruɓewa, kuma ɗan kasuwar da ke riƙe da irin wannan kaya ba ya ja da farashi.

"Kawo sabulu," ya ce.

Zoben ya shekara aru-aru a yatsan, nama ya rufe shi. Sai da ta haɗa da man gyaran gashinta da zare tana murzawa, yana cewa a hankali, tana cewa ai ba a hankali ka buga shi ba. Da ya fita, wurin ya bar farin zagaye. Ta jefa zoben a gwangwanin alluranta ta rufe.

Sai wuta ta ƙi ɗaukewa. Unguwar da ba a taɓa yin yini guda da wuta ba, ta samu wuta kamar an yi mata gori. Mai walda na ta aiki yana waƙa. Ranar aikin asibiti na matsowa. Ana jibi za a kwantar da shi, Gangariya ya taka da kansa ya shiga shagon walda, abin da bai taɓa yi ba tun wata rigimar da suka yi a kan kwata.

"Maƙwabci, kashe injin nan ka je ka ci abinci."

"Na ci."

"Ka ƙara."

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa zai mayar da magana, sai ya ji yadda muryar ta fito. Ya dube shi, ya kashe injin, ya ce dama yana da wanda zai gani a bakin titi.

Gangariya ya shiga akurki da kofin ruwan ɗumi. Ya faɗi kalmomin nan da ya tsana, cewa karatun na kowa ne babu mai shi, kamar mai haɗiyar magani. Sannan ya karanta waƙar mai fito. Muryar ba ita ba ce. Ta yi siriri, tana karcewa, a dogayen layuka sai ya tsaya ya nemi numfashi. Da ya zo kan kalmar kogi hannunsa ya sauka da kansa ya taɓa ƙafar kujera, yatsa ba zobe, ba abin da ya fito. Da ya fito daga akurkin Malama na goge ido, ya ce mata ƙurar soso ce, ta riƙa rufe hanci.

Yana gadon asibiti, wuya a naɗe, ta zo ta nuna masa amsar Mai Kunne. Gajeriya ce: ya wuce, an ɗora. Ta kuma ba shi wani ɗan memori kamar farce, ta ce duk karatun baya ne, masu ƙwas, tun na ranar farko. Rumbu ba zai karɓe su ba, amma ba ta iya sharewa ba.

Rai ya tsira. Murya ta dawo kamar ana murza leda. Auta ta sauka lafiya, aka samu mace.

Bayan wasu watanni Gangariya ya je tasha karɓar kaya. Yana wucewa ta gaban rumfar masu tura waƙoƙi a waya, sai ya ji mai fiton nan na waƙarsa na magana daga lasifika. Ya tsaya cak. Mutum uku na tsaye suna saurare, wani direba ya miƙa wayarsa a tura masa. Gangariya ya matsa, ya taɓa kafaɗar mai rumfar, wani mai ƙaton agogo, ya yi masa raɗa.

"Muryar wa ke nan?"

"Wani tsoho ne, Baba. Malami ne babba. Ya rasu, Allah ya ji ƙansa, wannan ne karatunsa na ƙarshe, a gadon asibiti aka ɗauka. A tura maka?"

"Ni ne."

"Na'am?"

"Na ce ni ne."

Mai rumfar ya sunkuyo da kunne, da ya gane sai ya fashe da dariya, ya juya ga direban. "Ka ji Baba, wai shi ne! Baba, kai da ko sallamarka ba a ji?"

Gangariya ya ɗaga hannun dama. Zoben ya koma mazauninsa tun da ya fito asibiti. Ya dubi zoben, ya dubi lasifikar, ya kasa kunne har aka zo kan kalmar kogi. Ta wuce sumul. Ya sauke hannunsa, ya tafi neman kayansa.

Da ya koma gida ya ba Maman Auta labari, yana buga ƙafa saboda murya ba ta isa ta nuna fushin ba. "Ban faɗa ba? Ban ce akwai mai saye ba?"

"Ka faɗa," ta ce. "Allah ya ji ƙan malam."

To in za a raba riba da asara, ga yadda ta kaya. Malama ta ci riba, don sito na nan a hannunta har yau, kuma yanzu mai walda da kansa ke kashe inji in ya ga jakarta. Mai ƙaton agogo ya ci, shi da bai yi gumi a akurki ba. Mai Kunne, in ya ci wani abu, ba wanda ya gani. Gangariya dai ya ce a ci gaba da sa ido. Jikar ta samu kaka biyu: mai raɗa da ke ɗaukarta, da mai tsawa da ake kunna mata daga memori, wanda in ya ce ƙwas take ƙyalƙyalewa da dariya tana neman inda abin ya faɗi.

Wanda ya yi asara Gangariya ne, kuma a hannun kansa. Muryar da za ta daɗe a duniya, wadda ba ta ƙonewa ba a sace ta, ita ce tsagaggiyar, kuma ba ta da alamarsa. Gangariyar muryar kuwa, mai alama a wuri uku, wadda ba mai musun tasa ce, tana kan abu kamar farce a cikin gwangwanin allurar Maman Auta, kuma surukin nan nasa ya riga ya fara cewa a ba shi ya kwafe ta a wuri mai kyau.